Yatsan da na dangwala a kan sunan Salifu

Sokode, ranar Alhamis da hantsi.

Zuwa ga 'yata Zainabu, wadda na sa wa sunan mahaifiyata, shi ya sa har yau bakina bai iya kiranki da komai ba sai Uwata. Gaisuwa mai yawa, da fatan kin isa Lome lafiya, kin sami gwaggonki da mutanen gidanta lafiya. Allah ya tsare ki a ƙasa, ya tsare ki a sama ranar da jirginku zai tashi, ya sauke ki a hannun mutanen kirki.

Ni dai jiki ga shi nan. Ƙafafun sun kumbura tun shekaranjiya, takalmi ya ƙi shiga, a zaune nake salla. Tarin ya ɗan lafa. Hannu yana rawa, za ki gani a rubutun, inda layi ya karkace ki yi haƙuri ki bi shi. An yi ruwa da asuba, kuma tun da kika tafi babu mai share ganyen mangwaro a tsakar gida. Na sa an fito mini da kujeru biyu ƙarƙashin rumfa, domin ina jiran baƙo yau. Zan gaya miki ko wane ne, amma sai na fara da laifin da na yi miki.

Kin tuna ranar Asabar da kika zauna a bakin gadona kina fassara mini takardar aikin da kika samu a Amurka, aikin tafinta a asibitoci da makarantun jiha. Kika zo wani layi kika tsaya. Kika ce dokar jihar ta ce duk mai karɓar kwangila daga hannun gwamnati sai ya yi alkawari a rubuce cewa ba ya ƙaurace wa kayan Isra'ila, kuma ba zai ƙaurace musu ba muddin yana aikin. Kika ce, "Baba, tun ina jami'a na daina sayen kayan nan, tun da na ga abin da ake yi wa Falasɗinawa a gidajensu da gonakinsu. Yanzu in rubuta cewa ban yi ba?"

Na ce miki, "Uwata, takarda ce kawai. Wa zai bi ki kanti ya leƙa kwandonki?"

Kika ce, "Ba kwandon suke so ba, Baba. Bakina suke so."

Na yi kamar tari ya taso mini don kada in amsa.

To ga abin da ba ki sani ba. Ranar Litinin, motarku ko Bilita ba ta kai ba, na kira Musa ɗan gwaggonki a can Amurka, tunda shi ya taya ki cike takardun kuma ya san kalmar sirrinki. Na ce masa, "Musa, Zainabu taurin kai gare ta irin na uwarta. Ka shiga ka danna mata wurin nan, in ta iso ta tarar an gama." Ya ce, "Kawu, in ta gane ai ɗanye za ta cinye ni." Na ce, "Ni na sa ka. Alheri ne za ka yi mata." Na ajiye wayar. Ina ajiyewa idona ya faɗa kan babban yatsana na dama, sai na tuna na taɓa faɗa wa kaina wannan maganar, da waɗannan kalmomin, shekara arba'in da wani abu da suka wuce.

Kin san an haifi yayyenki a Dapango, kin san na yi aikin sakataren dillalan shanu a kara. Abin da ba mu taɓa gaya muku ba shi ne yadda muka bar garin, da wanda muka bari a can.

Sunansa Salifu, ana ce masa Dogo. Mai masauki ne: Fulani su kawo shanu su sauka a gidansa, ya ciyar da su, ya ɗaure musu dabbobi a turakunsa, ya sayar musu, su tafi ba tare da sun ƙirga komai ba saboda sun yarda da shi. Bai taɓa zama a aji ba, ni kuwa ina taƙama da faransancina, amma akushi ɗaya muke ci. Shi ya je wajen kawunnan uwarki ya nemo mini aurenta, da ni kaɗai ne da har yau ina bakin zaure ina gyara hula.

A lokacin wani kamfani ya zo daga kudu, mai manyan mutane a bayansa. Ya zagaye wani tafki da waya, tafkin da makiyaya suke shayarwa tun kakanni, ya haɗa da gonakin wasu 'yan ƙabilar Moba da ke gefensa. Da wani tsoho ya je bakin ƙofa yana tambaya ina zai shayar, aka doke shi har sai da aka ɗauko shi a amalanke. Bayan sallar Juma'a dillalai suka zauna suka yanke shawara: babu mai sayar wa kamfanin ko ɗan maraƙi, babu mai sayen abincin dabbobin da yake kawowa. Ba a jefi kowa ba, ba a zagi kowa ba. In mai sayen kamfani ya shigo kara, kowa sai ya sami abin dubawa a ƙafar sa. Aka yi kasuwa biyar a haka, motocinsu suna komawa wayam.

Sai takarda ta fito daga ofishin hukuma. Kowane dillali ya yi alkawarin ba zai ƙi ciniki da kamfanin ba, ba zai kuma zuga wani ya ƙi ba. Wanda bai yi ba, a karɓe masa patanti, wato izinin kasuwanci, a ba wani turakunsa. Ni aka miƙa wa takardar da kwalin tawada mai ruwan shuni, tunda ni ne mai boko. Na kafa tebur ƙarƙashin maɗaci, ina kiran suna, mutum ya zo ya dangwala yatsa ya tafi bai kalli kowa ba. Ni na sa hannu da alƙalami tun farko, har da 'yar ƙawa a ƙarshen sunan. Kafin rana ta take, saura mutum bakwai, shida daga cikinsu kuma suna tsaye bayan Salifu suna jiran su ga abin da zai yi.

Ya zo ya tsaya a kaina, inuwarsa ta rufe takardar. Ya ce, "Alasan, sake karanta mini." Na sake. Ya ce, "Shanun nan, na gwamna ne?"

Na ce, "Na baƙinka ne."

Ya ce, "To in na ga dama in sayar wa mahaukaci in hana mai kwat, wa ya shafa?"

Na rage murya na ce, "Dogo, 'ya'ya tara gare ka."

Ya ce, "Na san adadinsu, malamin lissafi. Ni na yanka musu raguna." Ya zuba hannayensa biyu a aljihu ya juya, mutum shidan nan suka bi shi.

Da aka tafi azahar, kara ta yi shiru, na zauna ni kaɗai da takardar. Na tuna matansa biyu da suke ba uwarki gishiri ta kan katanga. Na ce wa kaina: mutumin nan zuciya ce ke ɗibarsa, gobe zai gode mini, alheri ne zan yi masa. Kuma yatsana bai yi aiki ba, tunda da alƙalami na sa hannu, wa zai gane? Na tsoma shi a tawada na dangwala a gaban sunan Salifu. Na hau keke na kai takardar ofis.

Na goge yatsan da yashi, na goge da lemun tsami, tawadar ta ƙi fita. Da la'asar muna alwala a bakin masallaci, buta ɗaya muke amfani da ita kamar kullum. Na miƙa hannu zan karɓa, sai ya riƙe mini wuyan hannu ya juya shi. Ya daɗe yana kallo. Ya ce, "Yaushe masu boko suka fara dangwale?" Ya sake ni, ya ajiye mini butar a ƙasa, ya je ya ari ta wani.

Ranar kasuwa ta zagayo, wani ma'aikaci ya zo da jandarma biyu ya hau kan benci yana karanta sunayen waɗanda suka yarda. Ya kira sunan Salifu. Mutum shidan nan suka juyo suna kallonsa. Akwai wani tsohon Bafulatani da ya shekara ashirin yana sauka a gidansa, ya je ya kwance shanunsa daga turakun Salifu ɗaya bayan ɗaya, ya ja su zuwa na wani.

Kalma uku ce za ta wanke shi, Uwata, da ya buɗe baki ya faɗe ta: ba yatsana ba. Amma jandarma suna tsaye, kuma wanda ya yi ƙarya a takardar hukuma kurkuku zai tafi, uwarki kuwa tana da cikin wata takwas. Salifu ya dube ni daga can nesa, ya dubi ƙasa, ya yi shiru. Kafin yamma mutum shidan suka zo tebur suka dangwala. Ƙauracewa ta mutu ranar. Waya tana nan a bakin tafkin har lokacin da na bar garin.

Patantinsa bai salwanta ba, wannan kam na cece shi. Amma baƙinsa suka watse, domin mai masauki ba shi da jari sai yarda. Yara suka sa masa Dogo mai baki biyu. Daga baya na ji ya koma sayar da igiya a gefen kara. Bai taɓa gaya wa kowa ba. In mun haɗu yakan amsa sallama, amma bai ƙara sa hannu a akushina ba. Na ƙwace masa a'arsa, sannan na ɗaure masa baki da tausayin da yake ji mini. Hukuma da duk jandarmanta ba ta iya yi masa haka ba, sai amininsa.

Saboda haka abu na farko: kada ki yarda kowa ya sa hannu a madadinki, ko da mai ƙaunarki ne, musamman ma mai ƙaunarki. Ke ma kada ki yi wa kowa. Ranar Talata da sassafe na sake kiran Musa. Ya yi dariya ya ce, "Kawu, ko taɓawa ban yi ba, ina son raina." Na gode wa Allah da ya ba ƙanwata ɗa mai hankali fiye da kawunsa. Duk da haka ki canja kalmar sirrin nan yau. Kuma ki yafe mini.

Na tsaya na yi azahar. Wani ɗan zemijan ya tsaya da babur ɗinsa na haya a ƙofar gida, har na dafa sanda zan miƙe, ashe maƙwabta ya kawo wa gawayi.

Kada ki ɗauka ina cewa ki yayyaga takardar ki yi ta ihu. Wannan ma na gwada, kuma shi ne kuskurena na biyu. Kunyar abin da na yi ta zauna mini a ƙirji shekara biyu, ina neman inda zan nuna ni ma namiji ne. Rannan a wani taro, a kan maganar da ba ta kai ta kawo ba, maganar inda za a kafa sabon shinge, na miƙe na zazzage wa wani babban ma'aikaci a gaban jama'a, na jefa masa makullin ofis. Ban shawarci uwarki ba, ban ma gaya mata ba sai da ta ji a bakin rijiya. Aiki ya tafi, ba wanda ya amfana, tafkin bai dawo ba, sunan Salifu bai wanku ba. Muka tattaro muka dawo Sokode wajen 'yan'uwanta. Shekara goma sha ɗaya tana tashi tun kafin kiran salla tana suyar ƙosai a bakin titi. Wata safiya ina ba abokaina labarin yadda na ba mutumin nan amsa, ta ɗago daga kan kasko, ido duk hayaƙi, ta ce, "Malam, jarumtar nan taka ni nake soya ta kullum." Allah ya jiƙan Adiza, ba ta ƙara maimaitawa ba, ni ma ban ƙara ba da labarin ba.

To in za ki ƙi, ki ƙi saboda mutanen da kike tausayi da kuma gaskiyar da ke bakinki, ba don a tafa miki ba. Ki fara sanin abin da ke gabanki. Kin ce mini wasu kotunan can sun ce irin wannan doka ta taka 'yancin magana, wasu kuma sun bar ta, kuma a wasu jihohin an mayar da ita kan manyan kamfanoni kawai. To ki nemi lauya ya duba ko ta hau kanki ma tukuna, ko kuwa wani magatakarda irina ne ya kwafo layin ya liƙa wa kowa. Ki tambaya a rubuce, a amsa miki a rubuce. Ki tuna ke baƙuwa ce, takardun zamanki sababbi ne, abin da ɗan ƙasa zai faɗa a titi ya koma gida ya yi barci, ke sai kin auna shi sau biyu. Aunawa ba tsoro ba ce.

Amma kada ki sa ni a kan sikelin. Na san ki. Za ki ce maganin Baba, rufin ɗakin Baba. Kada ki yi mini abin da na yi wa Salifu da 'ya'yansa tara. Na ƙoshi da duniya, tuwo kaɗan nake ci, kuma ba na son ya zama ni ne yatsan da aka dangwala a kan sunanki.

In kuma kin duba ta ko'ina kin ga sai kin sa hannu, ki sa da hannunki, idonki a buɗe, kada ki ce wa kanki takarda ce kawai kamar yadda na ce miki. Ba takarda ce kawai ba. Wanda ya ce sai kin yi alkawarin abin da za ki saya kafin ya ba ki aiki, ya san abin da yake karɓa. Kuma kada ki raina waɗanda suka sa. Mutanen da suka zo teburina ranar nan ba miyagu ba ne, na ga yadda suke kasa ɗaga ido.

Akwai wani ƙaramin abu da yake damuna, ban san dalilin da ya sa ya fi dawo mini a kwanakin nan ba. Mai gadin ƙofar kamfanin wani ɗan Moba ne, Duti. Da can muna gaisawa, yakan tambayi iyali. Da aka fara ƙauracewa na daina amsa masa gaisuwa, in ya ɗaga hannu in kau da kai, ina jin na yi wani abin kirki. Sai daga baya na ji gonar ubansa tana cikin wayar da yake gadi. Kin ce mini matar da ta fara nuna miki layin nan, ta ce ki karanta da kyau kafin ki danna, Bayahudiya ce, malamar makaranta. Ki riƙe ta da mutunci. Kaya ake ƙaurace wa da masu zalunci, ba gaisuwa ba, ba kuma wata al'umma ɗungurungum ba. Duk wanda ya zo miki da sunan Falasɗinawa yana koya miki ƙin mutane saboda addininsu ko asalinsu, ki tashi daga wurin, ba don su yake yi ba.

Yanzu kin gane baƙon da nake jira. Salifu yana da rai, ya girme ni da shekara uku, an ce idonsa ɗaya ya tafi. Ranar Talata, bayan na gama da Musa, na aika masa saƙo ta hannun wani direban motar shanu da ke hawa Dapango. Jiya direban ya kira ni. Ya ce tsohon zai tafi Kambole gaisuwar rasuwa, motarsu za ta bi ta Sokode yau. Na ce, "Ya ce zai tsaya?" Ya ce, "Baba, na gaya masa sau biyu. Abin da ya ce kawai, in Allah ya yarda."

Na roƙi Maman Fati ta gidan gaba ta yi tuwon dawa da miyar kuka, ta sa daddawa da yawa yadda yake so, ta zuba a akushi ɗaya. Ta ce, "Malam, kai da ba ka gama loma biyar?" Na ce ta dai zuba. Na kuma rubuta wata takarda, gajeriya, da Hausa, ba da faransanci ba. Na faɗi abin da na yi, da ranar, da inda teburin yake. Nufina in karanta masa, in ya yarda a kai Dapango a karanta a kara ranar kasuwa, a kan benci, da ƙarfi. Yawancin waɗanda suka ji sunansa a wancan karon sun mutu, na sani. Amma 'ya'yansa tara suna nan, kuma da sunan mai baki biyu suka girma.

Uwata, hannu ya gaji. Ki riƙe salla a kan lokaci ko da agogonsu ya rikita ki. Ki sayi rigar sanyi tun kafin ki ji sanyin. Ki riƙa kira ranar Juma'a, ko ba labari, in ji muryarki kawai. Allah ya sa ki faɗi gaskiya a inda za ta yi amfani, ya ba ki haƙurin yin shiru a inda shirun naki ne ba na dole ba. Allah ya kawo wa Falasɗinawa sauƙi, ya mayar da kowa gidansa da gonarsa, ya kashe wutar nan ga duk wanda take ci. Allah ya tsare gabanki da bayanki, ya haɗa fuskokinmu, a nan ko a can. Ki gaida gwaggonki, ki ce mata ɗanta ya fi ni.

Mahaifinki,
Alasan

An kira magariba. Na aika a tambaya a tasha, an ce motar Kambole ta wuce tun kafin la'asar, ta tsaya shan mai, ba wanda ya sauka. Tuwon ya huce, na ce Maman Fati ta kai wa yaranta. Kujerar na bar ta a waje, wataƙila a dawowa. Gajeriyar takardar zan ba direban ranar Asabar ya kai wa Salifu, shi ke da ikon a karanta ko a ƙona, wannan karon ba zan zaɓar masa ba. Ban sa mata hannu da alƙalami ba. Tabon da kike gani a gefen wannan shafi, yatsana ne bai gama bushewa ba.